Fyaucewa da tarba: kalmomi uku a wasiƙar Bulus

Ranar Laraba da yamma, a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki na majami'armu a nan Sakkwato, mun karanta 1 Tasalonikawa 4:13-18, inda aka ce za a fyauce masu bi cikin gajimare su tarbi Ubangiji Yesu a sararin sama. Wata dattijuwa da ta binne mijinta a damina ta dube ni ta ce, "Ɗana, idan an fyauce mu, ina za a kai mu, kuma shi Baba yana ina a lokacin?" Tambayar ta bi ni har gida, shi ya sa na koma ga Helenancin da Manzo Bulus ya yi amfani da shi sa'ad da ya rubuta wasiƙar daga Koranti, wajen shekara ta 50 ko 51.

Kalmar da muka fi riƙewa ita ce harpazo, wadda muke kira fyaucewa, a aya ta 17, wato fizge abu da ƙarfi, kamar yadda shaho yake sure ɗan tsako a tsakar gida kafin kaza ta ɗaga kai. Da ita aka faɗi yadda Ruhu ya ɗauke Filibus a Ayyukan Manzanni 8:39. Tana nuna gaggawa da iko, amma ba ta faɗi inda aka nufa ba. Parusiya kuwa, a aya ta 15, ita ce isowa, wato zuwan Ubangiji, kuma Helenawa sukan yi amfani da ita idan sarki ya kawo ziyara wani birni.

Ta ukun ce ta fi tsaya mini a rai, wato apantesis, a aya ta 17, wadda mu Sakkwatawa za mu kira tarba. Duk wanda ya ga yadda ake fita bayan gari da dawakai da motoci domin tarbar babban baƙo ya san ba a kwana a bakin hanya; ana gaisawa ne, sannan a juyo da shi cikin gari. Haka kalmar take a Matiyu 25:6, inda aka kira budurwai su fito tarbar ango, haka kuma a Ayyukan Manzanni 28:15, inda 'yan'uwa na Roma suka fito har Kasuwar Abiyus, tafiyar kimanin mil 40, domin su tarbi Bulus da yake kan hanyar shiga birninsu. Akwai malamai masu tsoron Allah da suke ganin daga sararin sama za a wuce da mu Sama, kuma ina girmama su ƙwarai, sai dai ni na fi karkata ga cewa tarbar Sarki Yesu za mu fita, mu juyo da shi.

Ga Mama kuwa, amsarta tana aya ta 16 da ta 17: matattu cikin Almasihu ne za su fara tashi, sannan a fyauce mu tare da su. Da na karanta mata wannan bayan sujada ranar Lahadi, sai ta sa na maimaita "tare da su" har sau biyu, sannan ta gyara mayafinta ta ce, "Ashe shi zai riga ni."