Godiya ga waɗanda suka zo zaman tunawa da Denis Wick

Assalamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki.

Tun daren Asabar da muka yi zaman tunawa da marigayi Denis Wick, mabushin nan na Ingila, nake so in rubuto wannan godiya, gajiya ce ta kayar da ni. Wanda ya yi sallama da fareti shekaru da dama, in ya tsaya awa biyu yana busa cikin hunturun Kaduna, dole jiki ya karɓi bashinsa. Leɓɓana har yanzu a tsage suke, amma alhamdu lillahi, zuciya fari ƙal. Kujera 40 muka jera, muna ganin ma sun yi yawa, sai ga shi har an aro benci daga maƙwabta. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.

Da na kai wa Yaya babba takardar gayyata, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Kai kuma me ya haɗa ka da wannan Baturen? Ya san ka ne?" Na ce, Yaya, bai san ni ba, ko a mafarki bai taɓa jin sunana ba. Na san wasu ma sun yi wannan tambaya a zuci, kunya ce ta hana su furtawa, don haka bari in ba da amsar da na ba shi.

Ranar da aka tura ni sashen badujala ina ɗan kurtu, Oga banmasta ya dubi tsawon hannuna, ya miƙo mini turambon. Ga wanda bai san shi ba, shi ne ƙahon tagullan nan mai bututun da ake ja gaba ana dawowa da shi baya. A bakin busarsa, wato ɗan ƙarfen da ake ɗora wa leɓe, an zana Denis Wick da lamba 6BS. Ni a zatona sunan kamfani ne kawai, irin yadda ake rubuta Rale a jikin keke. Na shekara fiye da 20 sunan nan yana manne da bakina, a rana da ruwan sama, a faretin girmamawa da na jana'iza, ban san mutum ne mai rai ba. Ɗan ƙanwata da ke aikin jinya a Bamingam ne ya fara gaya mini cewa mabushi ne, kuma a can Bamingam ɗin ma mutumin ya taɓa aiki. Shi ne kuma ya bugo mini waya da labarin rasuwarsa, ranar 12 ga Fabrairun 2025, yana da shekara 93. Tun ranar na ƙudura cewa sai mun zauna, mu da muka ci abinci da wannan ƙarfe, mun ambaci mutumin ko sau ɗaya.

An haife shi a 1931 a Braintree, cikin yankin Essex na Ingila, kuma a ƙungiyar mabusa ta cocin Salvation Army ya fara tun yana yaro. Da na faɗi haka a zauren, na ga yaran bandin cocin da suka zo daga Jos suna zungurin juna, don su ma ta ƙofar da suka shigo ke nan. A 1950, yana ɗan shekara 19, ya samu aiki a okestirar Bournemouth, wato babbar ƙungiyar makaɗa da mabusa ta wannan gari. Bayan shekara biyu ya koma ta Bamingam a matsayin na ɗaya a masu turambon, kuma a can ne a 1955 ya zama wanda ya fara busa dogon kiɗan da Gordon Jacob ya tsara domin turambon. Daga 1957 har 1988 yana kan kujerar na ɗaya a okestirar Landan da ake kira LSO. Shekara 31 ke nan. Masu sanda, wato jagororin da ke tsayawa gaban okestira suna ba da umarni, sun zo sun wuce a gabansa, su Pierre Monteux da André Previn da Claudio Abbado, shi yana nan a layin baya.

Wannan layin baya shi ne abin da na fi son yaranmu su gane, shi ya sa na daɗe a kansa har Hajiya ta fara yi mini alama da ido. Mu a badujala, masu turambon ne a sahun gaba, don kada bututun ya zunguri ƙeyar wani, kuma tun daga ƙofar bariki har filin fareti bakinmu ba ya hutawa. A okestira abin ya sha bamban. Su uku ne a can baya, kuma yawancin aikinsu jira ne. A simfoni (dogon kiɗan okestira mai babi-babi) ta biyar ta Beethoven, wadda aka fara bugawa a 1808, babi uku cur suna zaune, ƙaho a kan cinya, sai a na huɗu za su shigo. Ƙarfen ya yi sanyi, leɓe ya bushe, mutum yana ta ƙirga a zuci, sannan a ce ya buɗe baki daidai ƙiftawar da ake so, da muryar da za ta cika zaure. Ga shi turambon ba shi da maɓalli ko ɗaya. Bututu ne mai tsawon ƙafa 9 in an miƙe shi, da matsaya bakwai waɗanda ba a yi musu alama ba, kunne da hannu ne kaɗai ke sanin inda suke. Ka goce da faɗin yatsa, duk zauren ya ji.

Ina cikin wannan bayani sai Baba mai kakaki, dattijon da ya taso mana takanas daga Zariya, ya ɗaga hannu. Ya ce, "To ai wannan sana'armu ce. Mu ma tun hantsi muke tsaye a ƙofar fada, ba mai jin ɗuriyarmu, sai Sarki ya sako ƙafa. In ka riga shi ka yi laifi, in ka makara ka yi laifi." Zauren ya ɗauki tafi. Daga baya na ba shi turambon ɗina ya gwada, ya busa sau ɗaya har tagogi suka amsa, ya ja bututun ya ji murya ta zame ƙasa, ya yi dariya ya ce wannan kakaki ba shi da alƙawari. Baba, na gode, zuwanka ya fi duk jawabina. Allah ya ƙara girma.

Mun saurari faifai biyu. Na farko simfoni ta uku ta Mahler ce, wadda LSO ta ɗauka a 1970 ƙarƙashin Jascha Horenstein, inda a babin farko ake barin turambon shi kaɗai yana magana kamar mai shela a tsakiyar dare. Muna tsakiyar wurin aka ɗauke wuta. Maƙwabcinmu mai shagon ɗinki, wanda ba ruwansa da busa, ya kinkimo janaretansa da kansa, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Allah ya buɗa kasuwa. Na biyu kuwa kiɗan buɗe fim ɗin Star Wars ne na 1977, wanda John Williams ya tsara, LSO ta buga. Nan ne samarin suka farka, kowa ya ce ai ya san wannan. Sun san shi tun suna yara, ba su san wanda ke jan ragamar turambon a ciki ba, kamar yadda ni ma na yi da ɗan ƙarfena.

Batun ƙarfen, a 1968 ya kafa kamfaninsa. Zauren Royal Festival Hall na Landan da 'yan LSO suke yawan wasa a ciki yana shanye sauti, sai ya shiga neman bakin busar da zai ba su murya mai kauri, daga nan har ya kai ga ƙera matoshin da ake cusawa a bakin ƙaho don rage ƙara ko sauya ta. Ya kuma daɗe yana koyarwa a makarantar koyon kiɗa ta Guildhall. A ganina busarsa ta fi kasuwancinsa daraja nesa ba kusa ba, sai dai in ba don kasuwancin ba, da sunansa bai iso barikinmu ba.

Godiya ta musamman ga Malam shugaban makarantar da ya ba mu zaure kyauta, har ya tsaya aka share. Ga Hajiya uwargida da ƙawayenta, masu shayi da ƙosai, waɗanda suka haƙura da atisayena na mako uku a tsakar gida, ban da bakin gode muku. Mai waldar unguwarmu ya daddale mini loɓar da ke bakin ƙahon ba tare da ya taɓa bututun ja ba, kamar yadda na roƙe shi. Tsofaffin abokan aikina, ku da kuka zo da sanduna da tabarau, kun ce hannu ya manta, amma da aka ɗaga sanda ba wanda ya ɓata. 'Yata ɗalibar nan da ta busa ita kaɗai, na ga gwiwarki tana rawa, muryar kuwa ba ta yi rawa ba. Bakin busar da na damƙa miki a gaban jama'a shi ne wancan na ranar farko, ki riƙa wanke shi da ruwan ɗumi, kada ki bar shi ya faɗi a siminti.

Ina neman afuwar waɗanda suka zo a kan lokaci muka bar su suna jira, da mutanen Jos da dare ya yi musu a hanya. Na ji kun sauka lafiya, alhamdu lillahi.

Sannan akwai matoshi guda na alminiyam da ba mu gani ba bayan an tashi, na abokina ne, aro na yi. Wanda ya haɗa da shi cikin kayansa bisa kuskure ya taimaka ya aiko. An kuma bar hula zanna bukar ruwan toka a kan benci na ƙarshe, tana wurin maigadin makarantar.