Wata biyu ina gasa wa yarinya ciki, wai saifa ce

Wanka nake wa 'yata a tsakar gida, nan Aboabo a Kumasi, hannuna ya faɗa kan wani ƙullutu a hagun cikinta, tauri kamar ɗanyen mangwaro. Ko motsi ba ta yi ba, wasa da kumfa ma take. Shekararta uku a lokacin. Surukata ta lalluba ta ce, "Saifa ce, 'yar nan, masassara ke kawo ta. Ki riƙa gasa mata da ruwan ɗumi, ki murza da man kaɗe." Na karɓa hannu bibbiyu. Safe da yamma ina dannawa da ƙarfina, har wata biyu.

Sai da na ga jini a fitsarinta muka hau trotro, motar haya, zuwa asibitin Komfo Anokye, wanda muke ce wa Gii. Aka yi hoton ciki. Likita ya ce daji ne a ƙoda, Wilms sunansa. Ƙafafuna suka mutu, don kawuna da dajin ƙoda ya tafi. Na ce, "Likita, shi ke nan ita ma?" Ya ce in kwantar da hankalina, ba iri ɗaya ba ne. Na manya yakan zo ne bayan mutum ya manyanta, taba da ƙiba da hawan jini na ƙara haɗarinsa, kuma alluran daji ba su cika cinsa ba. Na yara yawanci ƙasa da shekara biyar yake kamawa, yana jin magani, a ƙasashen da ake kai yara da wuri kusan 9 cikin 10 suna warkewa.

Daga nan ya tambayi abin da muke yi mata a gida. Da na faɗa, ya ajiye biro. Ashe irin wannan kumburin ba a matsa shi, yana iya fashewa ya watsu a ciki, maganin ya ƙara nauyi. Ni da hannuna, wata biyu! Har yau in na ga man kaɗe sai gabana ya faɗi.

Allah ya rufa asiri bai fashe ba. Sati huɗu ana mata allurai don ya motse, sannan aka cire ƙodar, aka ci gaba da allurai. Gashi ya zube, maƙwabta suka yi ta surutun sammu, ban kula kowa ba. Katin inshorar lafiya ya rage mana nauyi, Wilms na cikin dajin yaran da aka shigar, amma kuɗin mota da na abinci sai da na sayar da keken ɗinkina.

Surukata ba ta da laifi, abin da ta sani ta faɗa. Ni ce nake wuce asibiti kullum a hanyar kasuwar Kejetia ban shiga ba.

Yanzu da ƙoda ɗaya take zuwa makarantar allo. Makon jiya wata a layinmu ta ce ɗanta na da saifa, tana neman man kaɗe. Mayafina kawai na ɗauka na ce, "Yaya, tashi mu je Gii."