Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daga Sarar Bango zuwa Zanen Kuran a Kwamfuta

Makon jiya mun tsaya a inda na rage karɓar kwangilar jan waya a gidajen Garwa ta Kamaru, na koma zaman zane. Yau aikin kansa zan buɗe, saboda ƙannena masu aikin kuran, wato wutar lantarki, da ke sha'awar wannan hanya.

Mai zanen gini zai miƙo maka fayil na DWG mai ɗauke da zanen gidan, ka buɗe a manhajar zane ta AutoCAD. Kafin ka ja layi ko ɗaya, auna faɗin ƙofar ɗaki da umarnin DIST. In ta ba ka 0.9, da mita aka zana. In 90 ce, santimita. In 900, milimita. Wanda ya tsallake wannan, lissafin wayarsa zai fito shirme. Kada ka yi zane a cikin fayil ɗin nasa; jawo shi cikin sabon fayil a matsayin XREF, wato zanen waje da ke zama shimfiɗa, ka ɗora naka a kai, don in ya matsar da bango gobe, kana buɗewa za ka gani. Fitilu kalk ɗinsu daban, wato shimfiɗar zanensu, priz (soket) daban, na'urar sanyaya ɗaki daban. Yawancinmu AutoCAD na Faransanci muke samu, to umarnin Turanci ma yana ci a cikinsa in ka sa alamar _ a gabansa.

Kowane priz da kowane makunni ka mai da shi bulok, wato alama guda da ake maimaitawa a zane, kwamfuta za ta ƙirga maka su. Tsawon waya ne ba za ta gane ba, domin a kwance take auna shi. A nan ne wanda ya taɓa sarar bango ya fi ɗan makaranta: ya san in silin mita 3 ne, makunni kuma yana kan mita 1.10, akwai saukowar mita 1.90 da ba ta cikin zane, priz da ke santimita 30 daga ƙasa kuwa mita 2.70 yake ci. Sai ka tara su da hannu, ka ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanke-yanke da haɗi.

Inda na fi so a nutsu shi ne zafi. Ƙa'idar Faransa NF C 15-100, wadda muke bi, ta gina teburinta a kan zafin digiri 30, kuma manhajojin lissafi irin su Caneco BT da Ecodial da wannan adadin suke tasowa in ba ka canza ba. Garwa da Marwa a watan Maris da Afrilu sukan haura 40 a inuwa, balle cikin silin ƙarƙashin kwano. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5 mm² mai rigar PVC a cikin bututu tana ɗaukar amfiya 24 a digiri 30. A digiri 45 sai ka ninka da 0.79, ta sauko wajen 19. In ka cusa layi uku a bututu guda, ka sake ninkawa da 0.70, saura 13 da ɗoriya. Ga shi dijonkter, mai katse wuta in ta yi yawa, na amfiya 20 ka sa mata, ba zai faɗi ba har rigar wayar ta bushe ta fara tsagewa. Mu kan ce wayar ce jabu, kuma akwai jabun a kasuwa, amma sau da yawa lissafin ne ba a yi ba. Magani: raba bututun, ko ka hau waya mai kaurin 4, ko ka ɗauki wayar U-1000 R2V mai jure zafi, wadda a digiri 45 da 0.87 ake ninka ta.

Sai raguwar ƙarfin wuta a doguwar tafiya. Ƙa'ida ta yarda da kashi 3 cikin ɗari ga fitilu, 5 ga sauran kaya. Ɗauki famfon rijiyar burtsatse mai jan amfiya 10 a kan volt 220, nisan mita 80 daga tablo, akwatin rarraba wuta. Ninka 2 (zuwa da dawowa) da 0.0225 (turjiyar jan ƙarfe) da 80 da 10, ka raba da kaurin waya. Da 2.5, volt 14.4 ne suka zube a hanya, kashi 6.5 ke nan, ya wuce iyaka. Da 4, volt 9, kashi 4.1. Ni dai 6 nake rubutawa, don wutar da ke isowa unguwanni da yawa da ma ba ta cika 220 ba, inji kuma yana jan ninki wajen tashi.

Daga nan ka fitar da zanen tablo mai layi guda: kowane layi da lambarsa, kaurin wayarsa da dijonkter ɗinsa, a ƙarƙashin difaransiyel na miliamfiya 30, mai katse wuta in ta yi yoyo. In gidan mai faz uku ne, wato wayoyin wuta uku ke shigowa, raba kaya daidai a kansu, ka bar gurbin kashi 20 na gaba. Buga zanen gidan a takardar A3, ma'auni 1/50, don yaro a shantiye, wato wurin gini, ya karanta ba tare da ya kira ka ba.

Ka sayi onduler, mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, kafin ka sayi babban allon kwamfuta. In ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya da rani, ɗauke wuta ba ta sallama.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga lissafin hasken ɗaki da manhajar DIALux, da yadda ake yanka wa zane farashi.