Kafin ka sayi iyafis, buɗe 'yar ledar da ke cikin kwalin

Ranar da na sayi iyafis na farko da kuɗin gumina, ƙara kaɗai na gwada. Mai shago ya jona shi a wayarsa, ya ƙure sauti, ya miƙo mini yana cewa, "Yallaɓai, ji yadda yake duka." Kiɗa ya buga har tsakar kaina, na biya ko ragi ban nema ba. Kwalin kuwa a bakin kasuwa na yar da shi, tare da wata 'yar leda mai ɗauke da ƙananan robobi da na ɗauka tarkace ne.

Ƙannena, wannan ledar ita ce rabin kuɗin da na biya. Robobin girma uku suke zuwa: ƙarami, matsakaici da babba, saboda ramin kunnen kowa daban ne, wani ma na damansa bai kai na hagu ba. Wadda ta zo a jikin nawa ta yi mini kaɗan, ba ta toshe kunnen. Da na shiga adaidaita sahu, ƙarar inji da hon sai su danne waƙar, ni kuma in yi ta ƙara sauti. Waya ta yi mini gargaɗi, in danna in wuce. Shekaru na yi a haka. Sai wani dare da aka ɗauke wuta, gari ya yi tsit, na ji kukan gyare a ɗakina. Na ɗaga katifa, na duba bayan ƙofa. Ashe gyaren a cikin kunnena yake.

A asibiti aka yi mini bayani: can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu siririn gashi da ke karɓar sauti, kuma wanda ƙara ta kashe a cikinsu ba ya sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma in ya kai 90, awa 4 kacal ke nan. Ni da ke kwana da abu a kunne, kai ma yi lissafin.

Saboda haka in ka je saye, sa shi a kunne tukuna ba tare da ka kunna komai ba. In hayaniyar kasuwa ta ragu, muryarka kuma ta koma kamar daga cikin kanka take fitowa, robar ta zauna. In ba haka ba, canja girma. Za ka sha mamaki: dukan nan mai zurfi da kake nema, toshewar ce ke kawo shi, ba ƙure sauti ba. Kuma ka gwada da abin da ka saba saurare a wayarka, ba waƙar mai shago ba. Mai jin karatu ko labarai, iyafis mai yawan duka dagula masa murya kawai zai yi.

Wauta ta biyu ta son a gani ce. Na sayi marar waya, fari tas, mai kama da AirPods na kamfanin Apple, a kuɗin da ya kamata ya sa ni zargi. Kallon kitse na yi wa rogo. Ba a jima ba kunne ɗaya ya daina caji. Ko na ainihi ne, batirin ciki ɗan mitsitsi ne, zafi na cinye shi, kuma da wuya a iya canja shi. In ya mutu, kayan ya mutu. In aljihunka bai yi nauyi ba, mai waya na kirki ya fi marar waya na jabu, ga shi ba ruwansa da caji. Sai dai ka duba ko wayarka na da ramin jona shi, domin tun da Apple ya cire ramin a iPhone 7 a 2016, kamfanoni da dama suka bi sahu.

Karanta kwali da kyau. ANC shi ne ke rage maka hayaniyar waje. ENC kuwa muryarka yake tacewa don wanda kuke waya da shi. Harafi ɗaya ne bambancin, ni ma na faɗa wannan ramin. Mai yawan gumi ya nemi alamar IPX4, wadda ke nuna iyafis ɗin na jure fantsamar ruwa. Kada ka toshe kunnuwa biyu kana tsallaka titi ko kana kan babur.

Yanzu sautin wayata ba ya wuce rabi da ɗan ɗoriya, robobin iyafis ɗina na yanzu kuma suna cikin wani tsohon gwangwanin man shafawa a jakata. Gyaren yana nan, musamman bayan sallar isha'i in gida ya yi shiru.