Kafin ka ɗora zanenka, duba fayil ɗin da ke hannunka

Ƙannena masu zane a waya da kwamfuta, na Garwa da Marwa da Ngaundere har Kuseri, akwai abin da ya same ni da ba na so ya sami ko ɗaya daga cikinku.

Sana'ata tsara katin biki ce da kalanda da allon shago, a wani ɗan shago kusa da babbar kasuwar Garwa. A watan Maris na 2021 labari ya karaɗe duniya cewa wani Ba'amurke da ake kira Beeple ya sayar da zanensa na kwamfuta a matsayin NFT, wato shaidar mallaka da ake yi wa rajista a intanet, dala miliyan 69 a gidan gwanjon Christie's. Cikin shekarar kuma gidan ya sayar da ayyukan Osinachi, ɗan Najeriya mai zane da Microsoft Word. Na ce to, ga maƙwabci ya yi, ni me zai hana ni?

Wata guda na yi ina zana mahayin doki a hawan sallah: doki cikin lifidi, mahayi da baƙin rawani mai ƙyallin shuni, ƙura ta tashi a bayansu. Kowane ɗinki na lifidin sai da na bi shi ɗaya bayan ɗaya. Faɗin zanen ɗigo (pixel) 6000 ne, tsayinsa 4000, wanda in an buga shi da kyau zai kai santimita 50 ba tare da ya dushe ba.

Ga inda na yi ɓarnar. Intanet ɗin shago ba ƙarfi, don haka na tura wa kaina zanen ta WhatsApp a matsayin hoto, da niyyar in ɗora shi daga waya in dare ya yi. Ban san cewa manhajar tana matse duk hoton da aka tura haka ba, sai dai in an aika shi a matsayin takarda. A fuskar waya kuwa ba ka ganin bambanci. Na ɗora a kasuwar NFT, na yi masa rajista a kan Polygon, ɗaya daga cikin rajistocin intanet da ake rubuta NFT a kansu, saboda kuɗin rajistar takwararta Ethereum a lokacin ya fi ƙarfina, aka kuma yi sa'a wani ya saya. Bayan mako biyu mutumin ya rubuto cikin ladabi, ya ce ya so ya buga ya rataye a ɗakinsa, amma da ya faɗaɗa sai ya ga gefen rawanin ya zama gida-gida, ɗinkin lifidin ya narke. Na duba. Faɗin abin da na sayar masa bai wuce ɗigo 1600 ba, wato girman katin biki. Na ce ya yi haƙuri, zan aiko da na asali. Kwana uku kafin wasiƙarsa an kawo wuta da ƙarfi, ma'ajiyar kwamfutata ta ƙone, kuma babu kwafi a ko'ina.

Ko da na asalin yana nan, gyaran ba kamar sauya hoto a Facebook ba ne, kuma wannan ne nake so ku gane sosai. Galibi NFT ba ya ɗauke da zanen a cikinsa. Shaida ce a rajistar da ba a gogewa, tana nuna wata 'yar takardar bayani mai sunan aikin da adireshin inda hoton yake. In an ajiye hoton a IPFS, wani tsarin ajiyar fayil a intanet, daga cikin fayil ɗin kansa ake lissafo adireshin, ta yadda in ka taɓa ɗigo ɗaya tak, adireshi ya zama wani daban. Wannan shi ne ke kare mai saye daga a musanya masa kaya, shi ne kuma ke ɗaure mai zane da kuskurensa. Na mayar wa mutumin kuɗinsa, amma rajistar tana nan da sunana a jikin gurɓataccen aiki. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Yanzu kowane aiki fayil uku nake yi masa. Akwai uwar aiki mai duk shimfiɗunta, wadda ba ta fita hannuna, domin ita ce hujjata ranar da wani ya ce shi ya zana. Akwai na sayarwa, PNG a cikakken girmansa, don PNG ba ya zubar da komai, JPEG kuwa duk lokacin da ka gyara ka sake adanawa sai ya rage wani abu. Sai ƙarami na talla, shi ne ke yawo a dandali. Uwar aikin tana kwana wuri biyu, a kwamfuta da wata ma'ajiya da ba ta jone da wuta, ina naɗe ta a leda saboda ƙurar hunturu. Kafin in ɗora kuma sai na buɗe fayil ɗin a babban allo, na karanta lambobin faɗi da tsayi da idona, na duba iyakar nauyin da kasuwar ke karɓa, don kowace da nata.

Mu da muka taso a aikin bugu muna da wani tarko namu. Mun saba da tsarin launi na CMYK, na tawadar inji, alhali allo da sRGB yake aiki. A aikina na biyu na manta ban sauya ba, shuɗin da na sha wahala a kansa ya fito a wayar abokina kamar tsohuwar riga da ta sha wanki. Allah ya taimake ni na nuna masa kafin rajista. Ku fara aikin a sRGB tun daga farko, ku duba shi a waya biyu ko uku. Zane mai motsi kuma MP4 ya fi, domin GIF launi 256 kawai yake iya riƙewa. Sunan aiki da bayaninsa ku karanta sau uku. In hoto ne na kamara, ku goge bayanan da ke ɓoye a cikinsa, don wani lokaci har wurin da aka ɗauka suna nunawa, ƙila ƙofar gidanku.

Sai batun haƙƙi. Hoton da ka tsinta a intanet yana da mai shi, ko ka sake zana shi da hannunka. Kamaru na da dokar haƙƙin mallaka ta shekarar 2000, hedkwatar OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, ma a Yawunde take. Mahayin da za ka zana fuskarsa kuma ɗan wani ne, uban wani ne. Ka je ka gaishe shi, ka ce baba ga abin da nake so in yi, ka ji ta bakinsa.

Game da kuɗi ba zan ruɗe ku ba. Kasuwar ta faɗi warwas a 2022, kuma a shekarar hukumar COBAC mai sa ido kan bankuna ta hana bankunan yankinmu hulɗa da kuɗin kirifto, don haka mayar da abin da ka samu zuwa sefa aiki ne mai wuya da haɗari. Kada ka ci bashi don rajista. Wanda ya biyo ka ta saƙo ya ce zai sayi aikinka da tsada in ka fara biyan wani abu a shafinsa, ɓarawo ne. Kalmomin sirri 12 da ke buɗe asusunka na kirifto ka rubuta a takarda ka ɓoye, ko ɗan ɗakinku kada ya gani.

Mahayin nan na sake zana shi bara. Lifidin ya fi na da kyau, sai dai ƙurar ta ƙi fitowa yadda ta fito a karon farko. Ban ɗora shi ba tukuna.