Yaro Ma Abokin Hira Ne

Aikin koyarwa a ajin rainon yara ya nuna mini cewa yaran da ke zuwa bakinsu a buɗe ba lallai 'ya'yan masu hali ba ne. Galibi daga gidajen da ake amsa wa yaro magana suke fitowa.

A gidajenmu ana yi wa yaro magana sosai, amma yawanci umarni ne: zo nan, sauka, bari, rufe mini baki. Irin wannan ba ya neman amsa. Abin da ke gina harshe shi ne karɓa-karɓa. Jariri ya fara gwaranci wajen wata shida, uwa ta dube shi ta amsa, ta dakata, shi kuma ya sake. Dakatawar nan ita ce ta fi wuya gare mu manya, domin muna gaggawar ƙarasa wa yaro zancensa. A aji, idan na yi tambaya na yi shiru ina kallon yaro, sau da yawa wanda aka ce ba ya magana shi ke buɗe baki.

A 2003, Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka sun sa jarirai 'yan wata tara sauraron Sinanci. Waɗanda mutum ya zauna da su ido da ido sun koyi rarrabe sautukan harshen. Waɗanda suka kalli darussan a bidiyo ba su koya ba. Shi ya sa nake damuwa idan na ga an miƙa wa ɗan goye waya don ya yi shiru, da sunan wai zai koyi Turanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce kada a zaunar da jaririn da bai kai shekara ba gaban allon waya ko talabijin.

Akwai kuma kunyar ɗan fari. Ina girmama al'adar, amma idan uwa tana kawaicin yi masa wasa a gaban mutane, to kaka ko goggo su ɗauki hirar, da tatsuniya da waƙar raino, ita kuma ta yi tata a ɗaki.

Ga abin da nake gaya wa iyaye: idan yaro ya ce "ruwa", kada a miƙa kawai. A ce, "Ruwa kake so? Ga ruwa a kofi." Idan kuma ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalmomi biyu ba, a kai shi asibiti a duba jinsa, kada a tsaya ga cewa nauyin baki gado ne.