Kalmar "kaɗai" ta sa na yi wata biyu ina farautar mutum biyar

Wata 'yar manhaja na rubuta mai gyara rubutun Hausa, ka zuba mata rubutu ta dawo maka da ƙ da ɗ da ɓ a inda ya kamata, na ɗora ta a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu. Maganar lasisi kuwa wallahi ban tsaya karanta komai ba, na dai ji cewa Linux, shahararren tsarin nan na gudanar da kwamfuta, yana kan lasisin buɗaɗɗiyar manhaja na GPL siga ta 2, wadda ta fito 1991, kuma Linus Torvalds da ya ƙirƙiro Linux ɗin ya ce ta 2 kaɗai, shi ke nan ni ma na rubuta "ta 2 kaɗai" a saman kowane fayil wai ina bin sahun manya.

Kafin shekara ta zagayo mutum biyar sun turo gyara na karɓa, ina ta murna. Rigimar ta taso ne ranar da na so haɗa wani laburare, wato kod ɗin da wasu suka rubuta don a ɗauka a yi amfani da shi, mai lasisin Apache 2.0, ashe shi da GPL 2 ba sa ga maciji saboda sharuɗɗan haƙƙin ƙirƙira (patent) da ke cikinsa, amma da ta 3 ta 2007 lafiya lau suke zama. Da tun farko na sa "ko duk sigar da ta biyo baya" da tuni na haye.

Na ce ai manhajata ce bari in canza lasisin kawai, sai wani abokina ya kwashe da dariya ya ce malam taka ce amma ba duka ba, duk wanda ya turo kod haƙƙin mallakar abin da ya rubuta yana hannunsa tunda ba wanda ya sa hannu ya bar maka. Haka na zauna tura imel ɗaya bayan ɗaya. Uku suka amsa a sati guda, na huɗu sai da na yi ta naci, na biyar kuwa imel ɗin ma dawowa yake yi, kuma shi ne ya rubuta ɓangaren da ke bambance "kasa" da "ƙasa", mafi wahala kenan. Dole na cire nasa na sake rubutawa daga tushe ba tare da na leƙa kod ɗinsa ba, dare uku, ga wuta sai ta ga dama.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai shi ne ko masu OpenSSL, shahararren laburaren nan na ɓoye bayanai a intanet, sun sha wannan, tun 2017 suke bin masu gudummawa don neman izinin canza lasisi amma sai 2021 siga ta 3.0 ta fito da Apache.

Ban ce Linus ya yi kuskure ba fa, yana da dalilinsa, bai yarda da sharaɗin ta 3 kan na'urorin da kamfani ke kullewa don kada mai su ya canza manhajar ciki, irin na TiVo mai naɗar shirye-shiryen talabijin ba, kuma "ko ta gaba" ɗin nan amana ce ka damƙa wa FSF, gidauniyar da ke rubuta GPL, kan takardar da ba su ma rubuta ba tukuna. Ni dai manhajata ba Linux ba ce, na sa "ta 3 ko ta gaba", amsoshin mutum huɗun nan kuma na adana su a fayil guda cikin ma'ajiyar.